Ga ƙanwarmu ta Gadarif mai tambayar yadda za ta yi ajiya a ɗakin haya

Wa alaikumus salam. Ƙanwata sannu da ɗawainiya, Allah ya yaye mana. Kin ce ku 7 ne a ɗaki guda na haya a Gadarif, gabashin Sudan, tun da yaƙi ya sa kuka baro Madani, samun maigida na yini ne, ga shi waken da kika yi wata 2 kina tattali kin buɗe buhu kin tarar ƙwari sun mayar da shi gari. Kina so a gaya miki abin da za ki ajiye saboda ɓacin rana, da kuɗi kaɗan. Wallahi tambayarki ta sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi, don tsoron da ke cikinta namu ne duka.

Abinci kika tambaya, amma ki yi haƙuri da ruwa zan fara. Ku tuna Bahri, wato Khartoum ta Arewa, bayan yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, a goman ƙarshe na azumi. Tashar ruwa ta tsaya tun kwanakin farko, famfo ya ƙafe ƙaf. Gidaje cike da kayan azumi, ga sukari ga gari ga adas (ɗan ƙaramin waken nan mai faɗi), amma babu ruwan ɗora tukunya. Mutane suka riƙa gangarawa bakin Nilu da jarkoki, rai a hannu, ana harbi ta samansu. Iyaye mata na auna wa yara ruwa da finjalin shayi, alwala ta koma taimama, yaro na kukan ƙishi cikin dare babu mai iya leƙa waje. Har yau idan famfo ya yi tari bai kawo ba, akwai waɗanda gabansu ke faɗuwa. Ga mutanen Port Sudan kuma, da madatsar Arba'at ta ɓalle a Agustan 2024, ba harsashi ko ɗaya amma ruwa ya fi ƙarfin talaka.

Mutum ɗaya, sha da girki kawai a zafin nan namu, ki sa masa lita 5 a yini. Ku 7 lita 35 ke nan, kwana 3 lita 105. Jarkar man nan ta ratal 36 tana cin kusan lita 18, to guda 6 za su riƙe ku. Idan da wanka da wanki ne mutum na bukatar lita 15, barmil, wato duro, mai lita 200 ba zai cika muku kwana 2 ba, don haka kada girman barmil ya ruɗe ki. Jarkokin ki nema wajen masu suyar ɗa'amiyya (irin ƙosai) da masu agashe, suna sayar da su da araha. Ki wanke da ruwan zafi da omo da ɗan yashi, ki girgiza, ki kife a rana. Amma don girman Allah kada ki sayi jarkar da ba ki san abin da ta ɗauka ba. Gadarif garin manyan gonaki ne, robobin maganin feshi sun cika kasuwa, roba kuwa tana shan guba, ko sau 10 aka wanke ba ta saki. Haka wadda ta ɗauki fetur ko gas.

Ruwan karo, wato na masu amalanken jaki, idan ya zo da laka ki bari ya kwanta. Ɗan alif yana kwantar da shi, ko ƙwayar zogale busasshiya, a ɓare a daka, kamar ƙwaya 1 ga lita 1. Wannan laka kawai yake saukarwa, ba ya kashe ƙwayar kwalara. Bayan kin tace sai kilorin: irin na wanki mai kashi 5 cikin 100, marar turare marar sabulu, ɗigo 2 ga lita, wato kusan rabin cokalin shayi ga jarka. Ki rufe ki jira minti 30. Idan kin buɗe ba ki ji ɗan warinsa ba ki maimaita, domin kilorin yana mutuwa a zafi, kwalbar da ta yi watanni a ɗakin kwano ƙarfinta ya ragu. Ranar da babu kilorin babu gawayin tafasa ruwa, farar gorar roba da ba ta wuce lita 2 ba, ki cika ki kwantar a kan kwano awa 6 cikin rana tsantsa, idan da hadari kwana 2.

To waken naki. Ba sakacinki ba ne, kada ki ɗora wa kanki. Ƙwan ƙwaron yana jikin waken tun daga gona ko daga sito, a zafin ɗaki cikin mako 3 zuwa 4 ya ƙyanƙyashe ya sake yin wani, wata 2 kuwa ya isa su gama da buhu. Abin da ke ƙona mini rai shi ne wasu 'yan kasuwar sun sani sarai. Su tankaɗe tsohon wake su zuba sabo a sama, su auna wa mace mai gudun hijira da malwa, wato mudun awo, mai lotsattsen gindi, tana godiya tana tafiya. Waɗansu su ɓoye kaya sai an ji ƙarar jirgi ko an rufe hanya su fito da shi ninki biyu. Mutumin da ya ga kin baro gidanki da kayan jikinki, ya dubi idonki ya cuce ki a mudu, ban san me zai gaya wa Allah ba. Idan za ki saya ki tura hannu har ƙasan buhu. Kin ga fararen ɗige-ɗige manne a bawon wake, ko gari ya biyo tafinki, ki bar masa abinsa.

Maganin ƙwari hana su iska ne, kuma kyauta ne. Da fari ki shanya: baƙar leda a kan busasshiyar ciyawa ko kwali, ki baza waken siriri, ki rufe da farar leda ki danne gefe da duwatsu, awa 2 da tsakar rana. Zafin da ke taruwa ciki yana kashe ƙwai da tsutsa. Ki bari ya huce sarai, idan kika ɗura da ɗumi zai yi gumi ya yi fumfuna. Don ki tabbatar ya bushe, zuba ɗan hatsin a busasshiyar kwalbar gilashi da cokalin busasshen gishiri ki girgiza, idan gishirin ya manne a jikin kwalba da sauran danshi, a koma rana. Sai ki ɗura a jarka ko gorar lemo har wuya, kina bubbugawa yana zama, ki sa leda a baki kafin ki murɗa murfi. Kada ki buɗe sai bayan wata guda aƙalla. Kuskuren da ake yi guda biyu ne, barin jarka rabi, da buɗewa kullum ana leƙawa, duk buɗewa kin ba ƙwaron numfashi. Shi ya sa goruna suka fi: gora mai lita 1.5 tana cin kilo 1 da ɗan ɗoriya, ki buɗe ɗaya sauran na rufe.

Wani zai ce miki ki sa ƙwayar nan mai launin toka ta rumbu, fostoksin. A ɗakin da yara ke kwana? Kada ki kuskura. Da ta ji danshi take sakin iska mai guba, tana ratsa buhu, tana kisa cikin dare, kuma ba ta da makari.

Yawan abin da za ki tara, kada ki sa wa ranki wata 6. Mutum ɗaya a yini kamar giram 400 na hatsi, 60 na wake ko adas, 30 na mai, 5 na gishiri. Ku 7 a wata dawa kilo 84, kusan shawwal guda, wato babban buhu. Ki nufi mako 2 tukuna: jarka 3 na dawa, gora 5 na adas da wake, mai lita 3 da rabi, gishiri rabin kilo, sukari kilo 2 ko 3 don mun san shayi. Na ce mako 2 ne saboda abin da muka gani a Madani a Disambar 2023. Waɗanda suka zuba duk abin da suka mallaka a buhuna sun fita sun bar su a nan, ko aka kwashe a gabansu. Abin da ba za ki iya ɗorawa a ka ko a karo ba, ba naki ba ne ranar gudu. Ki raba ajiyar, wani a ƙarƙashin gado a kan bulo, nesa da bango saboda damina, wani wajen 'yar'uwa a wata unguwa.

Kuma ai a gidan dawa kike. Daga Nuwamba zuwa Janairu, da kaka, farashi ke faɗuwa, daga Yuni ya fara hawa. Ku haɗu gida 4 ko 5 ku yi sanduƙ, adashinmu dai na gado, ku sayi shawwal ku raba, ya fi awon malwa sauƙi nesa ba kusa ba. Idan ko hakan ya gagara, duk ranar girki ki ɗebi tafi guda ki jefa a gora kafin ki ɗora.

Ƙwaya za ki ajiye, ba gari ba. Garin gero cikin 'yan kwanaki yake ɗaci saboda maiƙonsa, na dawa ma ba ya jure zafi. Sai dai injin niƙa yana tsayawa ranar da wuta ko gas suka yanke, to a samu turmi ko dutsen niƙa ko da na haɗin gwiwa ne, in ba haka ba sai balila, wato a dafa tsabar haka nan. Ki ƙara da weka (busasshiyar kuɓewa), busasshen tumatir, busasshiyar albasa, kuka, ɗan kajek (busasshen kifi) ko sharmut (busasshen nama). Dabino da ɗahniyya (alawar riɗi) da soyayyar gyaɗa su ne na ranar da ba a iya kunna wuta. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ɗaci ki zubar, tana lalata hanta.

Ful, babban waken nan, yana cinye gawayi, awowi yake yi a wuta, jan adas kuwa minti 20 ya nuna. Wake ki jiƙa shi tun dare, ya tafasa sosai minti 15, ki sauke da murfinsa ki naɗe tukunyar da bargo cikin kwando awa 3 zuwa 4, zai ƙarasa da kansa. Kanun kuma, wato murhun gawayi, kada ya shiga ɗaki a rufe ƙofa, hayaƙinsa marar wari yana kwantar da gida guda.

Ba ki tambaya ba amma sai na faɗa. A Fabrairun 2024 da layuka suka ɗauke, mai kuɗi a Bankak, manhajar banki ta waya, da marar ko sisi duk ɗaya suka zama, masu tsabar kuɗi kuma suka riƙa yankar rabonsu kafin su ba mutum haƙƙinsa. Ki ɓoye 'yan ƙananan takardu a wuri 2, amma ba da yawa ba, kin ga yadda aka canza 'yan 500 da 1000 a ƙarshen 2024. Raƙam waɗani (takardar lambar ɗan ƙasa), fasfo, takardun makarantar yara da katin rigakafi, a leda biyu cikin jaka ɗaya kusa da ƙofa, lambobin dangi a rubuce a takarda. Mai hawan jini ko sukari a gidan a riƙa saya masa da ragowar mako 2 a gaba. Insulin idan ba firji, ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a sama, a inuwa mai iska. Dabarar da Muhammad Bah Abba ya yaɗa a Jigawa ce har ta iso Darfur, tana aiki a busasshiyar iska, da damina ko a bakin teku sanyinta kaɗan ne. Gudawa kuma: lita 1 na tsabtataccen ruwa, cokalin shayi 6 na sukari a shafe, rabin cokali na gishiri, abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. Idan ta zama kamar ruwan shinkafa a ba mai ciwon yana sha ana tafiya asibiti, kada a jira gari ya waye.

Af, barmil da randa ki rufe su ruf, ko da tsumma ne a ɗaure da igiya. Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi a tsabtataccen ruwan gida yake ƙwai, kin kuwa san yadda ya kwantar da Gadarif a 2023. Duk mako ki juye ki goge cikin da soso, ƙwan a jikin bango yake mannewa. Ruwan jarkokin kuma ki riƙa amfani da na farko kina cika shi yana komawa ƙarshen layi. Ki faɗa mana unguwar da kike, akwai 'yan'uwa a nan da ke Gadarif, wataƙila a haɗa ki da masu sanduƙ kafin kaka ta wuce.