Me ya sa mabiya Buddha ke ƙona gawa, wasu kuma su ba ungulu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Bankok, ƙasar Tailan. Watan jiya mahaifiyar abokin karatuna ta rasu, ya gayyace ni gidan ibadarsu. Kwana biyar gawar tana ajiye cikin akwati, kullum da dare malamansu masu mayafi ruwan goro suna karatu, ana raba abinci, ban ga mai kururuwa ba. Ranar ƙarshe aka ƙona ta a nan cikin harabar. Daga baya na ga bidiyo a Facebook ana sassara gawa ana ba ungulaye, aka ce su ma mabiya Buddha ne. Abin ya tsaya mini a rai. Shin Buddha allahnsu ne? Me suke ganin yana samun mutum idan ya mutu, har suke yi wa gawa haka?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Dole abin ya tsaya maka a rai. Mu da muka tashi muka ga ana yi wa mamaci wanka, a sa masa likkafani, a sallace shi, a kai shi makwancinsa kafin rana ta faɗi, ba ƙaramin abu ba ne mu ga an ajiye gawa kwana biyar sannan a cinna mata wuta. Amma abokinka bai wulaƙanta mahaifiyarsa ba. Iyakar gatan da ya sani ke nan ya yi mata, kuma in ka ji dalilinsu za ka gane abin da idonka ya gani, ko da ba ka yarda da shi ba.

Buddha laƙabi ne, ma'anarsa wanda ya farka. Sunan mutumin Siddhartha Gautama, ɗan sarauta ne daga dangin Shakya, an haife shi a Lumbini, kudancin Nepal ta yau, kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Labarin da mabiyansa ke bayarwa shi ne mahaifinsa ya killace shi cikin daula don kada ya san wahala, sai wata rana ya fita gari ya ga tsoho tukuf, ya ga majinyaci, ya ga an ɗauko gawa, ya kuma ga wani mai gudun duniya. Yana da shekara 29 ya bar gida, ya bar mata da ɗa, ya shiga neman maganin wannan hali. Yana da 35, a gindin wata bishiya dangin ɓaure a Bodh Gaya, cikin jihar Bihar ta Indiya, ya ce ya gano. Ya yi shekara 45 yana karantarwa, ya rasu a Kushinagar yana da 80. Ka ga ashe tun tushe ganin gawa ne ya haifi addinin. Duba ma shekarar da ake rubutawa a takardun makarantarku, za ka ga ta ɗara ta Miladiyya da 543. Yadda muke ƙirge daga Hijira, haka mutanen Tailan ke ƙirge daga rasuwar Buddha.

Bai ce shi allah ne ba, bai ce wani ne ya aiko shi ba, kuma koyarwarsa ba ta da Mahalicci. Akwai halittun sama da suke kira deba, amma su ma a wurinsu suna tsufa su mutu. Idan ka tambayi malaminsu me ya sa suke durƙusa wa gunki, zai ce maka girmama malami ne da tuna koyarwarsa. Wannan ita ce amsar littafi. A aikace kuwa, ka gani da idonka, talaka yana zuwa da fure da turare yana roƙon lafiya, ko ciniki, ko cin jarrabawa. Duka biyun suna nan a gidan ibada ɗaya. Ga Musulmi, rabuwar hanya tun daga nan take, a kan tauhidi, kuma ba na ganin amfanin a lulluɓe wannan don neman daɗin baki.

Su kansu gidajen ibadar suna da tsohuwar alaƙa da kabari. Da Buddha ya rasu ƙona shi aka yi, kamar yadda ake yi wa manya a Indiya ta lokacin. Sarakuna suka kusa yaƙi kan ragowar ƙasusuwansa, aka raba kashi 8, kowa ya kai garinsa ya gina tudu a kai. Wannan tudun shi ne stupa, wanda a Tailan ake ce wa cedi, ginin nan mai kama da ƙararrawar da aka kife mai tsini a sama. Kalmar da ta fi kusa da shi a Hausa ita ce hubbare. Sarki Ashoka, a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, ya yawaita gina su, kuma ginshiƙin dutsen da ya kafa a Lumbini yana nan har yau. A Kandy ta Siri Lanka akwai gidan ibadar da suke cewa haƙorin Buddha na ciki, Shwedagon ta Yangon kuma sun ce gashinsa 8 ne a binne. Shi ya sa ba su jin wani banbaraƙwai don ɗakin ƙona gawa, mai dogon bututun hayaƙin nan, yana harabar da yara ke wasa kuma malamai ke kwana. Malaman ma sunansu bikku, wato mai rayuwa da sadaka, abin da ya sa kake ganinsu da sassafe da ƙwarya a hannu, ba takalmi.

Yanzu ga zuciyar tambayarka. Sun ce duk abin da aka harhaɗa sai ya wargaje, wannan suke kira anicca. Mu ma mun san duniya ba matabbata ba ce, to har nan babu baƙon abu. Inda suka yi nisa da mu shi ne anatta: wai babu wani rai guda tabbatacce a cikin mutum wanda zai fita ya tsaya gaban hisabi. Mutum a wurinsu tarin abubuwa 5 ne da ke canzawa kowane lokaci, jiki da ji da ganewa da ƙudurin zuci da sani. In ya mutu tarin ya watse, amma ƙishirwar son rayuwa da nauyin ayyukansa su kunna wata sabuwar rayuwa. Misalin da suka fi kawowa shi ne fitila da aka kunna daga wata fitila: ba za ka ce wutar farko ce ba, ba kuma za ka ce wata ce dabam ba. Bahaushe zai tuna da ɗan wabi, yaron da ake cewa yana mutuwa yana dawowa cikin uwa ɗaya, sai dai nasu ya haɗa kowa da kowa, kuma dawowar tana iya zama a mutum, ko dabba, ko mayunwacin fatalwa, ko ɗan wuta, ko mazaunin sama. Babu ɗaya a ciki mai ɗorewa, har wutar da aljannar.

Abin da ke jan ragamar shi ne kamma, kalmar nan da matasanmu suka tsinta a intanet suna cewa karma da nufin alhaki kwikwiyo. Asalin ma'anarta aiki, kuma Buddha ya ce niyya ce yake nufi da ita. Babu alƙali, babu mai yafewa, aikin ne da kansa ke nuna kamar iri a gona. Burinsu na ƙarshe kuma a daina dawowar gaba ɗaya, shi ne nibbana, wato mutuwar wuta: wutar kwaɗayi, da ta ƙiyayya, da ta ruɗu.

In ka riƙe wannan, abin da ka gani zai warware. Gawa a wurinsu kango ce, mai gida ya tashi, ba kuma za a tayar da wannan jikin ba. Abin da suke tsoro shi ne halin da zuciya ke ciki lokacin fitar numfashi, don suna ganin tunanin ƙarshe yana da tasiri kan inda za a dosa. Saboda haka ake son natsuwa a gefen mai jinya, a tuna masa alherin da ya yi, kada a riƙe shi da kuka. Rashin kururuwar ba ƙarancin ƙauna ba ne. Suna da wani labari da kowane yaro ya sani, na wata mata Kisa Gotami wadda ɗanta tilo ya mutu, ta saɓa shi tana bin gida gida neman magani. Buddha ya ce ta samo masa ƙwayar mastad, ɗan irin da ake girki da shi, amma daga gidan da ba a taɓa mutuwa ba. Kowane gida akwai irin, kowane gida an yi rashi. Da yamma ta dawo hannu wofi, ta kai ɗanta makabarta. Duk lokacin da na karantar da wannan labari sai na ga ajin ya yi tsit, don babu wanda bai san wannan uwar ba.

Karatun da malamai 4 suke yi kowane dare daga sashen littattafansu ne da ake kira Abhidhamma, cikin harshen Pali, wanda yawancin masu sauraro ba sa ji. Abincin da ake ba malamai da mayafin da ake ɗorawa jikin akwati su ɗauka, duk sadaka ce da ake bai wa mamaciya ladanta. Za ka tuna an tsiyaya ruwa a hankali daga ɗan tulu zuwa kwano, alamar miƙa ladan ke nan. Ruwan da ake zubawa a hannun mamaci ranar farko kuma neman gafara ne da sallama. Yawan kwanakin ya danganta da ƙarfin iyali da matsayin mamaci. Sarki Bhumibol na Tailan ya rasu ran 13 ga Oktoba 2016, ba a ƙona shi ba sai 26 ga Oktoba 2017, a filin Sanam Luang da ke Bankok.

Bidiyon da ka gani na Tibet ne, ko yankunan 'yan Tibet da ke yammacin Sin. Suna kiransa jator, watsa wa tsuntsaye. Kafin ka yanke hukunci ka dubi ƙasar: tudu ne mai tsayin sama da mita 4,000, ƙasa dutse ce ko daskararriya, itace kuwa ya yi ƙarancin da ƙona gawa sai manyan malamai da masu hali. Muhalli ya kawo dabarar, addini ya ba ta ma'ana. Tunda jiki kango ne, sai ya zama sadakar ƙarshe, a ciyar da masu rai da shi. Akwai masu wannan sana'a, su ke sassarawa, su daka ƙashi su cuɗa da garin sha'ir don kada a bar komai, kuma iyali suna ganin alheri ne tsuntsaye su cinye tas. Wurin da ya fi shahara yana kusa da gidan ibadar Drigung Til. Hukuma ta hana ɗaukar hoto a irin waɗannan wurare, mutanen kuma suna jin zafin yadda baƙi ke mai da jana'izar iyayensu abin kallo. Ina roƙonka kada ka tura bidiyon gaba. Kada kuma a haɗa su da Farisawan Mumbai da suka gaji al'adar ajiye gawa a hasumiya don ungulu, waɗancan mabiya addinin Zoroasta ne, dalilinsu ma dabam: gudun kada gawa ta ƙazantar da ƙasa ko wuta.

'Yan Tibet sun yarda akwai zango tsakanin mutuwa da sake haihuwa, bardo, mai kai wa kwana 49, har malami yana karanta wa mamaci littafin Bardo Thodol don ya nuna masa hanya. Malaman Tailan da Siri Lanka, mabiya mazhabar Therabada, sun ce babu wannan zango, sake haihuwa nan take ce. Ka ga ko a junansu ba baki ɗaya suke ba.

Japan ta ɗauki kwana 49 ɗin. Can sama da kashi 99 cikin 100 na mamata ƙona su ake yi, sannan dangi su taru su tsince ƙasusuwa da tsinken cin abinci, daga ƙafa zuwa kai, su zuba a tulu. Malami ya raɗa wa mamaci sabon suna, a ajiye allon sunan a ɗan akwatin ibada cikin gida, a watan Agusta kuma a yi bikin Obon na tarbar magabata. Yawancin wannan girmama kakanni ne irin na Sin da Japan da ya shige cikin addinin. Riƙon da gidajen ibada suka yi wa jana'iza ma siyasa ce ta kawo shi: a ƙarni na 17 gwamnatin Tokugawa ta tilasta wa kowane gida yin rajista da wani gidan ibadar Buddha don ta kawar da Kiristanci. Da yawansu kuma mabiya wani Buddha ne dabam mai suna Amida, suna ambaton sunansa da fatan a haife su a aljannarsa da suke kira Tsarkakkiyar Ƙasa, abin da ya yi nisa da koyarwar dogaro da kai da za ka ji a Bankok.

Na san za ka tuna da sadakar uku da bakwai da arba'in ta gida. Kamannin a ƙirgen kwana ne da son yi wa mamaci alheri kawai. Mu rayuwa ɗaya muka sani, da kabari, da tashi, da tsayuwa gaban Allah, shi ya sa jikin mamaci yake da alfarmar mai rai a wurinmu.

Mai yiwuwa abokinka ya sake gayyatarka sadakar kwana 50 ko ta 100. Hukuncin halarta ka tambayi limamin masallacin da kake salla, Bankok cike take da masallatai, kuma malaman can sun daɗe da zama da wannan tambaya. Ta fuskar al'ada dai, baƙin kaya ko fari ake sawa, ana ba iyali gudummawa cikin ambulan, kuma sun saba da Musulmi, ba wanda zai ga laifinka don ka zauna a baya ba ka durƙusa wa gunki ba. In kun keɓe, ka tambaye shi wace irin mace ce mahaifiyarsa, ka bar shi ya ba ka labarinta.