Talatin ko Arba'in? Hajiya, Keke Ba Shi Ne Matsalarki Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Jidda. Tun ina budurwa nake sha'awar ɗinki. Ina haɗa ragowar ƙyallayen atamfa da yadi in yi lulluɓin gado mai auduga a ciki, da rigunan filo, don nishaɗi kawai. Da baƙi suka fara yabawa, ƙanin maigidana da yake yawan zuwa Umara ya ce in riƙa ba shi yana sayarwa a Kano. Cikin shekara biyu ya tafi da talatin ko arba'in. Wani lokaci ya turo kuɗi, wani lokaci ya zo mana da tsaraba ya ce kasuwa ba daɗi. Abin da na karɓa gaba ɗaya bai wuce riyal 3,000 ba a ganina. Yanzu zan kwashi adashe na riyal 6,000, ina so in sayar da awarwarona na gwal in cika in sayi babban keke da na surfani, don ina ganin mata a TikTok sun yi arziki da wannan sana'ar. Wane keke ya fi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa wa hannu albarka. Ba zan faɗa miki sunan keke yau ba, domin ba shi ne abin da ke damun ki ba. Sake karanta wasiƙarki ki tsaya a inda kika ce "talatin ko arba'in". Tsakanin talatin da arba'in akwai lulluɓi goma. Ke kika yanka su, ke kika zauna bayanki yana ciwo kika ɗinke su, amma ba ki san ko sun taɓa fita daga gidanki ba. Sai kuma "a ganina". Kuɗi ba a ganin mutum yake ba, a rubuce yake.

Bari in yi miki lissafi da ƙiyasi, ki gyara shi da ainihin abin da kike kashewa. Ƙyallayen farko kyauta ne, na sani, amma babu gidan da ragowar ɗinkinsa zai ba da lulluɓi talatin, don haka tuni kin fara sayen yadi a Balad, tsohon garin Jidda, ko wata kasuwa. A ce yadin sama riyal 60, na shafi 30, audugar ciki 35, zare da allura da leda da kuɗin mota 15. Riyal 140 ke nan kafin ki sa ladan hannunki ko sisi. Ki ninka da talatin, ƙaramin adadin da kika faɗa: riyal 4,200. Kin karɓi 3,000. Idan kuma arba'in ne, kin kashe 5,600. Ko ta wace ƙofa aka shiga, kin yi shekara biyu kina biyan kuɗi daga aljihunki don a kwashe miki kaya. Wannan ita ce sana'ar da kike so ki sayar da gwal ki faɗaɗa. Mai ɗiban ruwa da rariya ba babbar rijiya yake buƙata ba.

Ban ce ƙanin mijinki ɓarawo ba ne, kuma kada ki je ki ce na ce. Mai yiwuwa shi ma bai san nawa ya karɓa ba. Kayan da aka miƙa wa mutum ba farashi, ba adadi, ba ranar biya, a zuciyarsa rabinsa kyauta ne. Ɗaya ya ba surukarsa, ɗaya matarsa ta shimfiɗa ta ce ya yi mata, biyu ya bayar bashi ga abokin da har yau yake ce masa ƙarshen wata. Kilishi da daddawa da yajin da yake kawo muku kuwa, a wurinsa ya biya. Kuma ke kika zaɓi mutumin da ya fi kowa wahalar tambaya. Ƙanin miji abokin wasa ne. Da kin buɗe baki kin ce ina kuɗina, zai ce "haba matata, ni za ki tuhuma?", kowa ya yi dariya, maganar ta mutu. Idan kin matsa, uwar miji ta ji, a ce kin fara raba kan 'yan'uwa. Baƙo da za ki ba kaya, da tun ranar farko kin rubuta.

Na san wata baiwar Allah a Makka, wajen titin Mansur, mai ɗinkin hijabai da rigunan yara. Hannunta ya fi na teloli da yawa masu shago. Yayanta uwa ɗaya uba ɗaya shi yake kai mata kaya gida duk bayan aikin Hajji, shekara da shekaru, ba takarda tsakaninsu don wai abin kunya ne. Ranar da Allah ya yi masa rasuwa, aka zauna rabon gado, ta ce tana bin sa kuɗi mai yawa. 'Ya'yansa suka ce Gwaggo, ina shaida? Ba ƙarya suka yi mata ba, ba su sani ba ne. Kayanta na cikin shagon, aka lissafa su cikin dukiyar mamaci aka raba. Ta rasa kuɗin, kuma har yau ita da yaran sai gaisuwar Sallah. Kunyar da ta hana ta rubutu don kada zumunci ya ɓaci, ita ce ta ɓata shi.

Abin da yake ba ni mamaki da mu, muna zaune a ƙasar da aka saukar da Alƙur'ani, kuma aya mafi tsawo a cikinsa, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Har cewa aka yi kada a ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba. Ba a cire ɗan'uwa ba, ba a cire ƙanin miji ba. Idan wani ya ce miki rubutu rashin yarda ne, ki karanta masa ita.

Akwai kuma ɓarnar da rashin rubutu ya jawo miki wadda ba ki ma lura da ita ba. Ke da riyal kike sayen yadi, shi da naira yake sayarwa. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 tun 1986, ba ya motsi. Naira kuwa, a farkon 2023 riyal ɗaya wajen naira 200 ne a hannun 'yan canji, bayan da aka saki farashinta a watan Yunin shekarar, zuwa farkon 2024 ya kai wajen 400. Wanda ya sayar da lulluɓi naira 50,000 ya riƙe kuɗin a wancan tsakanin, ya mayar da riyal 250 ya koma 125, ko da bai taɓa ko kwabo ba. Naira na iya sake yin sama ko ƙasa, wannan ba a hannunki yake ba. Abin da yake hannunki shi ne ki sa farashi da irin kuɗin da kike kashewa, wato riyal. Riyal kika zuba, riyal za a dawo miki da shi, canji matsalar mai ɗauka ce.

To yanzu me za ki yi? Tsohon lissafi ta hannun maigida za a bi, ba ta bakinki ba. Ki duba wayarki, na tabbata kin ɗauki hoton yawancin abin da kika ɗinka, hotunan kuma suna da kwanan wata. Ki ƙirga. Ki bi saƙonnin da ya turo na kuɗi ki tara. Ki ba maigida takarda ɗaya, ya zauna da ƙaninsa cikin mutunci su ga me ya saura a hannunsa da kuma wa ake bi. Abin da ya dawo, alhamdulillahi. Abin da bai dawo ba, ki yafe a fili ki rufe shafin, kada ki bar shi yana ci miki rai kina sakin magana a taron biki.

Daga nan, kaya ba ya ƙetare ƙofarki sai ɗayan biyu. Ko ya saya ya biya nan take da riyal, ribar da ya samu a Kano tasa ce, ko miliyan ce ba ruwanki. Ko kuma ya ɗauki biyar kacal, a rubuta adadi da farashin kowanne da ladansa da ranar biya, ki tura masa a WhatsApp ya amsa da "na karɓa", maigida yana gani. Ba a ba da na shida sai kuɗin biyar sun shigo. Idan ya yi fushi ya ce ya fasa, kin huta, kin kuma gane irin cinikin da kuke yi tun farko.

Ni ma ban ga dalilin dagewa a kan Kano ba. Lulluɓi kaya ne mai nauyi da cika jaka, kuɗin awo kaɗai zai ci ribar. Idan ya isa, zai tarar da Kantin Kwari cike da zannuwan gado da barguna na Sin da inji yake fitarwa dubbai, a farashin da ko yadinki bai saya ba. Sanyin Kano kuma na hunturu ne, wata biyu zuwa uku. A Jidda fa? Na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa kusan duk shekara, kowa da abin rufa yake kwana. Baƙin da suka yaba aikinki tun farko a falonki suke, ba a Kano ba. Uwar amarya Bahaushiya da take son ɗakin 'yarta ya fita daban, da atamfar da ta san sunanta, ita ce mai sayenki. Ta zaɓi launi, ta ba da rabin kuɗi kafin almakashi ya taɓa yadi, ta cika ranar ɗauka. Ki kuma sa ladan hannunki a ciki. Idan lulluɓi yana cin kwana huɗu, kika sayar da shi riyal 200, kin yi wa kanki albashin riyal 15 a rana. Idan kin ga ba mai biyan abin da ya fi haka da nisa, to ki bar shi a nishaɗin da yake tun asali, ba laifi ba ne.

Wata magana a taƙaice, tunda ba ki faɗi matsayin takardunki ba. Idan 'yar ƙasa ce ke, akwai tsarin da hukuma ta yi wa iyalai masu sana'a a gida, ki nemi rajista. Idan kuwa da iƙama, wato takardar izinin zama, kike zaune a ƙarƙashin maigida, ki bincika abin da doka ta yarje miki kafin ki fara talla a intanet. Kada kuma wani ya ruɗe ki da buɗe shago da sunan ɗan ƙasa. Wannan shi ne tasattur, hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5.

Matan TikTok kuwa, sun nuna miki keke da labule da fitila. Wacece ta taɓa nuna miki littafinta? Wasu cikinsu ba da ɗinki suke ci ba, da kuɗin koyar da ɗinki ga masu mafarki suke ci.

Awarwaro ya zauna a hannunki. Gwal idan kin sayar, kuɗin ƙira ya tafi, ba za ki sake sayen irinsa da abin da aka ba ki ba. Kuɗin adashe ki ware riyal 1,000 na yadi da auduga, sauran ki ajiye inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi. Keken da kike da shi ki kai a wanke a sa masa mai, ki sayi allura mai lamba 16 saboda kauri, da ƙafar keke mai jan yadin sama da na ƙasa tare, ita ce take hana shafi tattarewa idan ana bin layi a kan auduga. Duka ba za su ci miki kuɗi mai yawa ba. Bayan wata shida ki sake rubuto mini da adadin da kika ɗinka, da wanda kika sayar, da wanda kika mayar don aiki ya yi miki yawa. Idan na ukun yana da yawa, sai mu yi maganar babban keke irin na kamfanin Juki.