Idan kamfanin fim ya ɗauki surar fuskata da muryata, me zai kare ni?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai abin da zai hana kamfani amfani da fuskarka da muryarka ta hanyar ƙirƙirarriyar basira (AI) ba tare da ya biya ka ba. Babban misalin shi ne Hollywood. Ƙungiyar 'yan wasan fim ta Amurka, SAG-AFTRA, ta yi yajin aikin kwana 118, daga 14 ga Yuli zuwa Nuwamba 2023, kuma wannan batu na cikin manyan dalilan.

Yarjejeniyar da suka cimma da kamfanonin fim a 2023 ta ce dole a sanar da ɗan wasa awa 48 kafin a ɗauki surarsa da na'ura don ƙera kwafinsa a kwamfuta. Amincewarsa kuma ta zama a rubuce, a fili, tare da bayanin inda za a yi amfani da surar. Idan surar ta yi aikin da shi ne zai yi, a biya shi kuɗin kwanakin. Bayan rasuwarsa, idan bai ba da izini tun yana raye ba, sai an nemi izinin magadansa. A Satumba 2024 jihar California ta sa dokokin da suka ƙarfafa wannan.

Inda ake cutar mutane shi ne sharaɗi mai faɗi a kwantiragi, irin "amfani da kamanninka ta kowace hanya har abada". Kada ka sa hannu a kansa. A rubuta sunan fim ɗin, da wa'adi, da kuɗi, a kuma hana koyar da kwamfuta da muryarka. Nan ne ma yarjejeniyar 2023 ta yi rauni, domin ba ta haramta koyar da na'ura da tsofaffin ayyukan 'yan wasa ba.