Ina Doha, zan iya yi wa fijo ɗin babanmu lamba a Ingila?

Tambaya: Salam. Ina aiki a Doha, iyalina kuma suna Manchester. Akwai fijo 504 ta marigayi babanmu, haɗin Kaduna ta 1981, tana nan ajiye a gida, so nake in kai ta Ingila a mata rajista. Zai yiwu ba sai na koma can ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan baba da rahama. Zai yiwu malam, amma hukumar DVLA, mai rajistar motoci a can, ba ta yi wa mota rajista sai da adireshin ƙasar, kuma sai an nuna shaida, ko lasin tuƙi na can ko fasfo haɗe da takardar banki ko ta kuɗin wuta. In ba ka da su to ka sa sunan maiɗakinka a matsayin mai riƙe da motar, takardar rajistar motar, wato V5C, dama ba shaidar mallaka ba ce, mai kula da mota kawai take nunawa, shi ne kuma tara za ta bi in an yi laifi.

Ni abin da ya fi damuna shekarar motar ne, don komai a kanta ya rataya. Tun kafin ta bar Kaduna a sa wani ya buɗe bonet ya goge ƙura da baƙin mai, ya ɗauki hoton lambar chasis da ta inji, a gwada da tsoffin takardun baba. Ka san halin fijo ɗinmu, da yawa bakanike ya sauke musu inji ya ɗora wani tun tuni ba wanda ya rubuta a ko'ina. To kwastan ɗin Ingila suna yi wa motar da ta wuce shekara 30 sauƙi, ba kuɗin fito, harajin VAT kashi 5 kacal maimakon 20, amma fa sai tana nan yadda aka ƙera ta, ba a yi wa inji ko giya ko burki babban sauyi ba. In takardun asali sun ɓata sai a nemi wasiƙar shaidar shekara daga kamfanin ko ƙungiyar masu irin motar a can.

Da ta sauka kwana 14 gare ku a sanar da HMRC, hukumar haraji da kwastan ta can, ta NOVA, wato tsarin sanar da shigowar mota, yawanci ejan ɗin da ya fito da ita ke yi, amma ka tambaye shi ka ji da kunnenka don ba NOVA ba rajista. Daga nan a yi inshora da lambar chasis, a cika fom V55/5, a biya fam 55, a tura ofishin DVLA da ke garin Swansea, takarda kan ɗauki har sati 6. Tunda ta haura shekara 40 ba kuɗin harajin hanya, gwajin MOT ma, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, za a iya neman a ɗauke mata da fom V112, duk da ni dai zan so makaniki ya duba burki da tayoyi kafin yara su shiga. Sitiyarin hagu ba laifi ba ne a can, fitilun gaba kawai za a daidaita. Kafin lamba ta fito kar kowa ya hau titi da ita, a ɗauko ta a bayan babbar mota daga tashar jirgin ruwa har gida.