Tambayi Likita: Me ya sa korona ta ɗauke mahaifina?

Likita, mahaifina da wani abokinsa sun kwanta a ɗakin kulawa ta musamman a rana ɗaya saboda korona. Abokin ya tashi, Baba ya rasu. Shekarunsa 71, yana da ciwon suga. Me ya bambanta su?
— Wata mai karatu

Allah ya jiƙan Baba, 'yar'uwa. Shekaru ne babban abin da ke ƙara haɗari, musamman daga 65 zuwa sama. Sai ciwon suga, wanda na fi jin tsoro a wajen dattijo: yana raunana garkuwar jiki, ya lalata jijiyoyin jini, ga korona kuma tana sa jini ya daskare a huhu. In ƙoda ta gaza a kan haka, lamarin ya yi tsanani. Hawan jini, ƙiba da ciwon zuciya ma suna taka rawa.

Mutane kan zargi na'urar numfashi. Ba ita ba ce. Wanda huhunsa ya riga ya jigata ake ɗora wa. A 2020 binciken RECOVERY a Birtaniya ya nuna maganin rage kumburi mai suna dexamethasone na rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar da kusan kashi ɗaya cikin uku.