Dalilin da ya sa ake neman bayanan asusun banki wajen neman katin bashi

Malam, ka tambaya ko akwai matsala da fom ɗin neman katin bashi ya buƙaci lambar asusunka da bayanan shige da ficen kuɗinka. Wannan abu ne da aka saba, domin katin bashi rance ne, kuma bankin da zai ba ka shi yana so ya tabbatar za ka iya biya.

Daga takardar shige da ficen kuɗin asusunka, wadda galibi ake neman ta wata shida, suna duba ko albashi ko kuɗin kasuwanci na shigowa a kai a kai, sannan da wannan suke yanke iyakar bashin da za ka iya ci. Lambar BVN mai lamba 11 kuwa tana tabbatar da kai ne, kuma da ita ake duba ko kana da tsohon bashin da ba ka biya ba. Asusun kansa shi ne inda za a riƙa cire biyan wata-wata. Tun 2020, tsarin GSI na Babban Bankin Najeriya ya ba banki damar karɓo bashin da aka ƙi biya daga asusunka na wasu bankuna, muddin ka sa hannu kan amincewa da hakan, don haka karanta wannan sashe na fom ɗin da kyau.

Abin da ba a nema shi ne PIN, ko OTP (lambar sirri ta amfani sau ɗaya da banki ke turo maka a waya), ko lambobi ukun da ke bayan katinka. Duk wanda ya kira ka yana neman su ɗan damfara ne. Cike fom ɗin a reshen banki ko a manhajarsa ta ainihi, ka nemi jami'in ya fayyace maka kuɗin ruwa da tarar jinkiri. Idan kuma batun riba ne ke damunka, ka tuntuɓi malami kafin ka sa hannu.