Tambaya da Amsa: Kamfanin Shirya Jana'iza da Talla a Intanet

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni da ƙanena muka gaji kamfanin shirya jana'iza daga mahaifinmu: ɗaukar gawa, ajiye ta, cike takardu da motar kai ta makabarta. Ƙanena ya dage sai mun shiga Google da Facebook, ni kuwa abin yana yi mini nauyi, sai in ga kamar muna jiran mutane su mutu. Ina mafita? — Wata mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Wannan nauyin da kike ji abu ne mai kyau, ki riƙe shi. Amma ƙanenki ma yana kan hanya. Ki dubi wanda zai neme ku: mutum ne da aka yi wa rasuwa yanzu-yanzu, yana tsaye a barandar asibiti da tsakar dare, hannunsa na rawa a kan waya. Abin da yake so shi ne lambar da za a ɗaga, da sanin inda kuke. Idan bai same ku ba, zai faɗa hannun duk wanda ya fara fitowa.

Ku fara da Google Business Profile, wato shafin da ke nuna bayanan kamfani idan an neme shi a Google, wanda har zuwa ƙarshen 2021 ake kira Google My Business. Kyauta ne. Ku sa adireshi, lambar waya da lokutan aiki na gaskiya. In ba kwa ɗaga waya da dare, kada ku rubuta cewa kuna aiki dare da rana. A WhatsApp Business kuma akwai saƙon da ke tafiya da kansa idan ba kowa kusa. Ku fara shi da ta'aziyya, sannan ku faɗi lokacin da za a kira.

Batun farashi ina da ra'ayi mai ƙarfi a kansa. A Amurka, dokar 1984 ta hukumar FTC mai sa ido kan harkokin kasuwanci ta wajabta wa irin waɗannan kamfanoni miƙa jerin farashi ga wanda ya zo tambaya, da faɗarsa ta waya. Ko inda babu irin wannan doka, ku wallafa naku. Mai makoki ba ya iya ciniki, kuma ba ya manta wanda ya cuce shi a wannan rana.

Inda ya fi buƙatar hattara shi ne haska jana'iza kai tsaye a intanet, abin da ya yaɗu tun 2020 lokacin da korona ta hana taro. Yana da amfani ƙwarai ga ɗa ko 'ya da ke wata ƙasa. Sai dai kada ku kunna kyamara sai iyalan sun amince. Ku kafa ta daga baya, nesa da gawa da fuskokin masu kuka. A YouTube ku zaɓi tsarin da sai mai adireshin bidiyon ne kawai zai gani, kuma ku gwada ƙarfin intanet ɗin wurin tun kafin jama'a su taru.

'Yan damfara sun gano wannan ƙofa. Sukan kwafi hoton mamaci daga sanarwar rasuwa, su buɗe shafin bogi a Facebook, su tura wa dangi cewa ga inda za a kalli jana'iza, sai an latsa a ce a shigar da lambar katin banki. Wannan abu yana ƙona mini rai. Don haka a ƙasan kowace sanarwa ku rubuta ɓaro-ɓaro cewa kallo kyauta ne, ba kwa neman lambar kati, kuma adireshin bidiyon ɗaya ne tak. In kun ga shafin bogi, ku kai ƙararsa ga Facebook, ku sanar da iyalan nan take.

Ki ja wa ƙanenki kunne kan abu biyu: kada ya saka tallarku a ƙarƙashin sanarwar rasuwar kowa, kuma kada ya sayi yabon ƙarya a shafinku na Google, domin Google ya haramta shi kuma yana gogewa. Sunan mamaci ko hotonsa kuwa ba zai hau shafinku ba sai iyalansa sun gani sun ce to.